Gani da Ji: Tarken Ra'ayin Cewa Mariskai Biyu Bahaushe Ya Sani

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1991 aka buga wani littafi a Toronto ta ƙasar Kanada mai suna The Varieties of Sensory Experience, wanda David Howes ya tace. Littafin ya tattara maƙalun masana al'adun ɗan'adam ne, waɗanda suka ɗauri aniyar nuna cewa kowace al'umma da irin yadda take kasa mariskai, da kuma irin yadda take fifita wani a kan wani. Abin da ake nufi da mariskai shi ne kafofin da mutum ke riskar abubuwa ta hanyarsu, watau gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa, kamar yadda aka saba lissafawa. A cikin maƙalun akwai ta Ian Ritchie a kan harshen mariskai a ƙasar Hausa. Abin da ya lura da shi shi ne Hausa tana da aikatau guda na abin da ido ke riska, watau gani, sa'an nan tana da wani guda, watau ji, wanda ya game aikin kunne da hanci da harshe da fata, har ya zarce zuwa ga abin da ke cikin zuciya.

Daga nan sai aka taƙaita zancen ya koma jimla ɗaya, cewa Hausawa mariskai biyu suka sani. A wannan siga ya yi ta yawo a rubuce-rubucen Constance Classen da na wasu, har ya zama misalin da ake fara kawowa duk lokacin da ake son a nuna cewa lissafin biyar ba na kowa da kowa ba ne. Ba kasafai harshen Hausa ke samun shiga irin wannan muhawara ta duniya ba. Tun da ya samu, ya kamata a tabbatar cewa abin da ake faɗa da sunansa daidai ne.

Wannan maƙala za ta yi tarken ra'ayin ne ta fuskar harshe. Matsayin da ta ɗauka shi ne an yi daidai wajen lura, an yi kuskure wajen yanke hukunci. Rabon aiki tsakanin gani da ji bai ƙidaya gaɓoɓi ba. Abin da yake nunawa shi ne dangantakar mai riska da abin da ya riska, da kuma rawar da hankali ke takawa bayan gaɓa ta gama nata aikin.

2.0 Abin da Ra'ayin Ya Dogara a Kai

Duk mai jin Hausa zai amince da waɗannan jimloli:

(1) a. Na ji kukan jaki.
b. Na ji ƙaurin tuwo.
c. Na ji ɗacin maganin.
d. Na ji kaushin bangon.
e. Ina jin yunwa.
f. Ta ji kunyar surukinta.
g. Yaron nan ba ya jin magana.
h. Baƙon yana jin Hausa.

Daga (a) zuwa (d) aikatau ɗaya ya ɗauki aikin gaɓoɓi huɗu. A (e) ya shiga cikin jiki, a (f) ya shiga zuciya, a (g) ya zama biyayya, a (h) ya zama fahimta. Wanda ya taso da harshen da ke da aikatau daban-daban a waɗannan gurabe dole abin ya ja hankalinsa, kuma ba laifi ba ne ya yi tambaya ko wannan haɗuwa a harshe tana da tasiri a tunani. Har ana iya ƙarfafa zancen da karin magana irin su “gani ba ci ba ne” da “kunne ya girmi kaka”, a ce Bahaushe bai ɗora ido a kan gadon sarauta ba kamar yadda ake cewa Turawa sun yi.

Matsalar karin magana a matsayin hujja ita ce kowa ya shiga rumbun yakan fito da abin da ya je nema. Bahaushen da ya ce gani ba ci ba ne, shi ne kuma ya ce “gani ya kori ji”, shi ne yake yabon shaida da cewa ganau ne ba jiyau ba. Saboda haka ba a rumbun karin magana kaɗai za a warware wannan batu ba. Sai an koma ga tsarin harshen kansa.

3.0 Kalma Daban, Gaɓa Daban

Åke Viberg, a nazarin da ya fitar a 1983 a kan aikatan riska a harsuna 53, ya bambanta abin da mutum ke yi da gangan da abin da ke samunsa ba da nufinsa ba. Wannan bambanci shi ne mabuɗin al'amarin Hausa. Jimlolin (1a-d) duka na rukuni na biyu ne, watau sauti ko wari ko ɗaci ne ya iske mutum. Da zarar an koma rukuni na farko, inda mutum ne ya tura gaɓarsa aiki, sai Hausa ta fito da aikatau dabam ga kowace gaɓa:

(2) a. ido: duba, kalla, leƙa, hanga
b. kunne: saurara, kasa kunne
c. hanci: shinshina, shaƙa
d. harshe: ɗanɗana, lasa
e. fata: taɓa, shafa, laluba

Ba a shinshina waƙa, ba a sauraren gishiri. Uwar gida takan ce “ɗanɗana ki ji”, mai turare ya ce “shinshina ka ji”, mai yadi ya ce “shafa ka ji”. A kowace daga cikin waɗannan, aikatau na farko ya ambaci ƙofar, na biyu ya ambaci isowar saƙon. Harshen da ke da wannan tsari ba za a ce ƙofofin sun rikice masa ba.

Karin maganar ma da ta fi dacewa da batun tana kan wannan hanya. Ana cewa “jiki ya fi kunne ji”. Daɗin wannan magana gaba ɗaya yana cikin wasa da ma'anoni biyu na ji, kuma ba mai iya wasa da ma'anoni biyu sai wanda ya san biyu ne. Haka nan “hanci bai san daɗin gishiri ba” ta ware aikin hanci daga na harshe ƙarara. Misalin ma ya faɗa daidai, domin gishiri yana cikin 'yan abubuwan da harshe ke riska shi kaɗai ba tare da taimakon hanci ba. Bugu da ƙari, yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi a makarantar zaure ya koyi cewa ana gane ruwan da ya ɓaci ta hanyar canjin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa. Abu uku ne ake lissafa masa, kowanne da gaɓar da ke hukunci a kansa, kuma a kan wannan lissafi yake yin alwala kowace rana.

Sai kuma batun sauran harsuna, wanda a ganina shi ne ya fi raunana ra'ayin. Wannan ɗabi'a ba ta Hausa kaɗai ba ce. A Yarbanci aikatau gbọ́ shi ne na jin sauti, da shi ake jin wari, da shi kuma ake jin harshen Yarbanci. A Igbo nụ yana ɗaukar sauti da wari. A Suwahili sikia yana ɗaukar sauti da wari da sanyi da yunwa. Turancin buroka na Nijeriya ma ya gaji wannan, domin a cikinsa da aikatau na jin sauti ake jin wari. In an ce duk wannan al'amarin Afirka ne, to ga Italiyanci, inda sentire yake ɗaukar sauti da wari da ɗanɗano da sanyi, kusan daidai da ji na Hausa. Ga kuma Faransanci, inda sentir ya haɗa wari da taɓawa. Italiyawa dai biyar suke lissafawa kamar sauran Turawa, aikatau ɗin bai rage musu ko ɗaya ba. Ma'aunin da bai auna Ba'italiye ba bai kamata a auna Bahaushe da shi ba.

Viberg ya nuna cewa wannan yaɗuwar ma'ana tana bin tsani ne: gani a sama, ji a ƙarƙashinsa, sai taɓawa, sai shaƙa da ɗanɗano. Aikatau na matakin sama yakan sauko ya ɗauki aikin na ƙasa, amma da wuya na ƙasa ya hau. Hausa ta zauna daram a kan wannan tsani. Ke nan abin da aka gabatar a matsayin baƙon al'amari na wata al'umma guda, misali ne na tsarin da ya yawaita a harsunan duniya.

3.1 Shaidar Nahawu

Akwai wata hujja da ta riga maƙalar Ritchie da shekara 36, wadda masu yaɗa ra'ayin ba su waiwaya ba. A 1955 F. W. Parsons ya fitar da nazari a kan wani rukuni na sunaye a Hausa da suke ambaton siffofin da ake riska, kuma Paul Newman ya sake bayaninsu a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Sunayen suna da siga ɗaya: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, ta ƙarshe mai dogon wasalin i, karin sautinsu sama-sama. Misalansu su ne zafi, sanyi, zaƙi, ɗaci, tsami, wari, taushi, tauri, nauyi, ƙarfi, kaifi, faɗi, zurfi, daɗi. Kuma suna tsirar da kalmomi ta hanya ɗaya:

(3) a. zafi, zazzafa, zafafa
b. faɗi, faffaɗa, faɗaɗa
c. zurfi, zuzzurfa, zurfafa
d. daɗi, daddaɗa, daɗaɗa

Abin lura shi ne wannan rukuni bai san iyakar gani da ji ba. Faɗi da zurfi ido ne ke fara hukunta su, zaƙi na harshe ne, wari na hanci, taushi na fata, nauyi kuwa na tsoka da gaɓoɓin ƙashi. Nahawu ya zuba su a ƙwarya ɗaya. A waje guda kuma ya bar launuka a waje, domin fari da baƙi da ja siffofi ne masu nasu tsari, da nasu amsa-kama irin su fat da ƙirin da wur. Da a ce daga nahawu ake ƙidaya mariskai, da sai a ce wannan rukuni ya nuna mariski ɗaya ne, aikatan (1) sun nuna biyu, na (2) sun nuna biyar. Hanyar da take ba da amsa uku ga tambaya ɗaya, ita ce abin tuhuma.

Wani abin da jimlar “mariskai biyu” take binnewa shi ne wadatar da ke cikin karɓau. Aikatau ji bai damu ya fayyace ƙofa ba saboda sunan da ke biye da shi ya riga ya fayyace. A fagen hanci kaɗai akwai ƙamshi da wari da ɗoyi, akwai ƙarni na kifi da jini da ɗanyen nama, da zarni na fitsari, da ƙauri na abin da ya ƙone, da hamami. A fagen baki, ban da zaƙi da ɗaci da tsami, akwai bauri da gardi da maƙaƙi. Asifa Majid da Niclas Burenhult sun ja hankalin duniya a 2014 da suka nuna cewa mutanen Jahai na Malesiya suna ambaton wari da sauƙi kamar yadda suke ambaton launi, saboda harshensu yana da kalmomin wari na musamman, alhali masu Ingilishi sai dai su yi ta kwatance da sunan abin da warin ya fito daga gare shi. Kalmomi irin su ƙarni da ƙauri suna gayyatar irin wannan gwaji a Hausa, kuma ya fi cancantar ƙarfinmu a kan maimaita zancen biyu.

4.0 Su Kansu Biyar Ɗin

A nan dole a yi wa Howes da abokan aikinsa adalci. Babban abin da suke son nunawa, cewa lamba biyar gado ce ta al'ada, gaskiya ne. Daga Aristotle aka gaje ta, kuma shi kansa ya yi shakkar ko taɓawa mariski ɗaya ce ko tarin mariskai. Ilimin jikin ɗan'adam ya tabbatar masa da shakkarsa.

Kowace gaɓa ta riska tana da ƙwayoyin halitta na musamman, waɗanda za mu kira makarɓa, masu juya wani nau'in abu na waje ya zama saƙon lantarki a jijiya. Makarɓan ido suna amsa hasken da tsawon zangonsa yake tsakanin nanomita 400 da 700, ko kusa da haka. Na kunne suna amsa girgizar iska daga kimanin 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda ga mai ƙuruciya. Na hanci sinadarai suke kamawa, kuma a 1991, shekarar da littafin Howes ya fito, Linda Buck da Richard Axel suka gano dangin ƙwayoyin gado da ke gina su, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2004. Mutum yana da irin waɗannan makarɓa wajen nau'i 400. Abin da ake kira taɓawa kuwa ya rabu gida-gida: matsi daban, zafi daban, sanyi daban, ciwo daban. Akwai kuma abin da lissafin biyar bai san da shi ba sam. A can cikin kunne akwai sashen da ke riƙe daidaiton tsayuwa. A cikin tsoka akwai makarɓan da ke sanar da mutum inda hannunsa yake ko da ya rufe ido, mariskin da Charles Sherrington ya raɗa wa suna a 1906. Yunwa da ƙishirwa da cikar mara su ma saƙonni ne daga cikin jiki.

Idan aka dubi wannan jeri, sai a ga aikatau ji ya fi lissafin biyar faɗin hannu, domin ya ba yunwa da jiri da gajiya mazauni, alhali a lissafin Aristotle ba su da shi. Kathryn Geurts ta sami kwatankwacin haka a 2002 a wurin Anlo-Ewe na Gana, waɗanda suke ɗaukar daidaiton jiki da muhimmanci ƙwarai. Akwai ma wuraren da haɗawar da Hausa ta yi ta dace da yadda jikin yake aiki. Bahaushe yakan ce wuta tana da zafi, barkono yana da zafi, rauni yana zafi. A 1997 David Julius da abokan aikinsa suka gano cewa makarɓin da sinadarin barkono ke motsawa shi ne wanda zafin da ya haura kimanin digiri 43 ke motsawa, kuma yana kan jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Wannan na cikin aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Haka kuma mai mura yakan ce ba ya jin ɗanɗanon abinci, alhali harshensa lafiya lau yake, hancinsa ne ya toshe, domin kaso mai yawa na daɗin miya ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro. Mutane da yawa sun koyi wannan darasi a jikinsu lokacin annobar korona a 2020. Ba ina nufin kakanninmu sun san waɗannan makarɓa ba ne. Ina nufin dai rashin fayyace ƙofa a aikatau ba gazawa ba ce, tun da shi ma jikin sau da yawa ba ya fayyacewa.

5.0 Gani, Ji da Ganewa

Saura tambayar da ta fi muhimmanci: in ba gaɓoɓi ake ƙidayawa ba, me rabon gani da ji yake yi? A duba waɗannan:

(4) a. Miya ta ji gishiri.
b. Naman ya ji wuta.
c. Rigar ta ji guga.
d. Motar ta ji jiki.

Miya ba ta da kunne, ba ta da harshe. Abin da ya haɗa (4) da (1) shi ne wani abu ya iso ga aikau ya yi tasiri a kansa. Mai ji karɓa yake yi. Sauti yana shigarsa ko bai so ba, tun da kunne ba shi da marufi irin na ido, haka wari, haka yunwa, haka kunya. Labarin da aka kawo masa ma shigarsa ya yi, shi ya sa jita-jita ta samo sunanta daga nan. Gani kuwa ya fi karkata ga abin da ke tsaye a gaban mutum, wanda zai iya nunawa da yatsa wani ma ya shaida. Daga nan ya zama aikatau na auna abu da yanke hukunci: a ganina, na ga dama, na ga alama, ya ga laifina, yana ganin girmansa, “ido ba mudu ba, ya san kima”. Iyakar ba katanga ba ce, domin akwai masu cewa suna jin jiri, akwai masu cewa jiri suke gani, kuma dukansu Hausa ce. Amma wannan ma yana da dalili, domin mai jiri yana jinsa a jika, yana kuma ganin ɗaki na juyawa.

Eve Sweetser ta nuna a 1990 cewa a harsunan Turai da danginsu kalmomin sani da fahimta sun fi fitowa daga gani. Nicholas Evans da David Wilkins suka amsa a 2000 da cewa a harsunan 'yan asalin Ostireliya daga ji suke fitowa. Hausa ta bi hanyoyin biyu, ta kuma raba musu aiki. Daga ji ta sami jin harshe da jin magana. Daga gani ta sami gano da gane, na aji na 6 da na 4 a tsarin Parsons na 1960, tare da tsawaita wasalin farko. Wannan gane shi ne abin da ya kamata masu nazarin mariskai su fi tsayawa a kansa:

(5) a. Na gan shi amma ban gane shi ba.
b. Na ji amma ban gane ba.

Waɗannan jimloli biyu sun raba abin da gaɓa ta kawo da abin da hankali ya fitar daga ciki, kuma wannan rabo shi ne ginshiƙin ilimin riska gaba ɗaya. Ibnul Haisam, a Kitab al-Manazir da ya rubuta a Misra tsakanin 1011 da 1021, ya ce haske da launi kaɗai ido ke riska da kansa. Nisa da girma da siffa da sauransu sai hankali ya yi kwatance da abin da ya riga ya sani, cikin saurin da mutum ba ya ankara. Hermann von Helmholtz ya zo da irin wannan bayani a 1867. Tun kafin shi, a 1826, Johannes Müller ya nuna cewa jijiya ba ta kawo abin da ke waje, nata irin saƙon take kawowa ko me ya motsa ta. Shi ya sa wanda aka sharara wa mari yake ganin walƙiya da rana tsaka ba hadari. A kawalwalniya kuwa ido bai yi ƙarya ba. Hasken sama ne ya lanƙwasa a cikin iska mai zafi da ke kan kwalta ya shigo ta ƙasa, hankali ya ce ruwa ne, domin a saninsa ruwa ne ke nuna sama a ƙasa. Adadin jijiyoyi ma ya nuna haka: makarɓan haske a ido guda sun kusa miliyan 100, amma zaren jijiyar da ke fita zuwa ƙwaƙwalwa kimanin miliyan 1 ne, watau an fara tace saƙon tun bai bar ido ba.

Mu masu nazarin harshe muna da misalin a ajinmu. Na sha furta kafa da ƙafa ga ɗaliban da Hausa ba harshen uwarsu ba ne, su rantse kalma ɗaya na maimaita. Kunnuwansu lafiya suke, girgizar da ta isa dodon kunnensu ita ce ta isa nawa. Ɗalibi Bahaushe kuma yakan sha irin wannan wuya da p da f na Ingilishi, ko da karin sautin tsakiya na Yarbanci. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 suna bambance baƙaƙen harsunan da ba su taɓa ji ba, amma zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina, domin hankalinsu ya fara kasa sauti bisa ma'aunin harshen gida. Saboda haka in Bahaushe ya ce wane yana jin Hausa, ya faɗi abin da ya fi fahimtar ma'ana zurfi, domin sautin kansa ba ya jiyuwa yadda yake sai ga wanda hankalinsa ya horu da shi.

Ƙofofin ma suna leƙa aikin juna kafin saƙo ya kammala. A gwajin da Harry McGurk da John MacDonald suka bayyana a 1976, an haɗa sautin ba da hoton leɓɓan mai furta ga, sai yawancin masu kallo suka ce da suka ji. In sun rufe ido sai su ji ba sarai. A wannan gwaji gani bai kori ji ba, ya shiga cikinsa ne ya sauya shi. Akwai kuma larurar ƙwaƙwalwa da Joachim Bodamer ya raɗa wa suna a 1947, wadda mai ita yake ganin fuska da kyau, ido da hanci da baki, amma ya kasa sanin ta wane ne, ko da ta matarsa ce. Likita zai buƙaci dogon bayani, jimlar (5a) kuwa ta faɗi halin da yake ciki daidai. Irin wannan majinyaci yakan dogara da murya ko tafiya ya san mutanensa.

Wannan ya kawo mu ga wata jimla da ra'ayin mariskai biyu ba shi da wurin ajiye ta:

(6) Makahon ya gane ni da jin muryata.

Aikatau gane daga gani ya tsiro, amma ga shi a bakin ƙofar kunne, aikau ɗinsa kuma mutum ne da ba shi da ido. Haka ake gane daddawa a miya da ƙamshinta, a gane shadda da shafawa, a gane zuma ta gaske da ɗanɗano. Da zarar an zo matakin ganewa, Hausa ba ta ƙara tambayar ta wace ƙofa saƙon ya shigo, sai dai in mai magana ya ga dama ya ambace ta da harafin da, kamar yadda aka yi a (6).